Su Wa Ne Ba Su Da Shi? Fashin Baƙi Kan Zaƙulo Bayanan Da Ba Su Da Abokin Haɗi A Rumbun Bayanai

Waɗanne ɗalibai ne aka yi musu rajista amma ba a shigar musu da sakamako ba? Waɗanne ma'aikata ne sunansu ke cikin jerin ma'aikata amma babu su a jerin albashin wannan wata? Waɗanne yara ne aka yi wa allurar rigakafi ta farko ba su dawo ta biyu ba? Duk tambaya ɗaya ce da ta sauya riga: a nemo layukan tebur ɗaya waɗanda babu wani layi da ya dace da su a tebur na biyu. Masu aiki da rumbun bayanai suna cin karo da ita kusan kullum, kuma tana cikin tambayoyin da aka fi rubutawa ba daidai ba. Matsalar ita ce kuskuren ba ya yin ƙara. Kwamfuta ba za ta ce an yi kuskure ba, za ta kawo jeri mai kyan gani, ko kuma ta kawo jerin da babu kowa a cikinsa, wanda ya gani ya ɗauka komai lafiya.

Me ake nufi da rashin abokin haɗi

Rumbunan bayanai irin su PostgreSQL, MySQL, SQL Server, Oracle da SQLite an gina su ne kan tsarin da Edgar F. Codd na kamfanin IBM ya bayyana a 1970: a raba bayanai zuwa tebura, kowane tebur da layuka da ginshiƙai, sannan a haɗa su ta hanyar ƙimar da suke tarayya a kai. Kowane layi yana da babban makulli, wato lambar da ta bambanta shi da sauran. Idan wani tebur yana son ya yi nuni ga wannan layi, sai ya ajiye lambar a ginshiƙinsa, wanda ake kira makullin alaƙa.

Ga ƙaramin misali da za a bi da shi har ƙarshe. Teburin `dalibai` yana da ɗalibai huɗu masu lamba 101, 102, 103 da 104. Teburin `sakamako` kuwa yana da layuka shida:

```
lamba  lambar_dalibi  darasi   zango  maki
1      101            lissafi  1      72
2      101            kimiyya  1      65
3      102            lissafi  1      NULL
4      103            lissafi  2      58
5      NULL           kimiyya  1      80
6      999            lissafi  1      49
```

A duba da kyau, domin da gangan aka dasa kowane layi. Ɗalibi 104 ba shi da sakamako ko ɗaya. Ɗalibi 102 yana da layi amma ba a saka maki ba, shi ya sa gurbin ke nuna NULL, alamar cewa ba a san ƙimar ba. Layi na 5 ba a san na wane ɗalibi ba ne. Layi na 6 yana nuni ga ɗalibin da babu shi a teburin ɗalibai. Irin wannan ake kira maraya. Amsar tambayar "wa ba shi da sakamako ko ɗaya" ita ce 104 kaɗai.

Hanyar da hankali ke fara kawowa, da dalilin da ba ta aiki

Sabon shiga yakan yi tunanin tun da alamar `=` ke haɗa waɗanda suka dace, to alamar `<>` za ta fito da waɗanda ba su dace ba:

```
SELECT d.lamba
FROM dalibai d
JOIN sakamako s ON s.lambar_dalibi <> d.lamba;
```

Wannan zai dawo da layuka 16. Haɗin yana ɗaukar kowane ɗalibi ya gwada shi da kowane layin sakamako, ya riƙe duk wanda lambarsa ta bambanta. Ɗalibi 101 ya bambanta da layukan 3, 4 da 6, don haka zai fito sau uku, alhali shi ne ya fi kowa sakamako. Abin da aka tambaya a nan shi ne "akwai wani layi da ba nasa ba", kuma kusan kowa amsarsa e ce. Rashi ba a ganinsa a layi ɗaya. Sai an duba duka layukan an tabbatar babu ko ɗaya. Duk hanyoyin da ke aiki suna faɗin wannan ne ta salo daban-daban.

Hanya ta farko: NOT EXISTS

```
SELECT d.lamba, d.suna
FROM dalibai d
WHERE NOT EXISTS (
  SELECT 1
  FROM sakamako s
  WHERE s.lambar_dalibi = d.lamba
);
```

Ana karanta ta kamar yadda ake faɗa da baki: a ba ni ɗalibin da babu wani layin sakamako mai lambarsa. Abin da aka rubuta bayan `SELECT` na ciki ba shi da tasiri, ko 1 ne ko tauraro, domin injin, wato manhajar da ke gudanar da rumbun, ba ya karanta shi. Yana duba akwai layi ko babu ne kawai. Layi na 5 mai NULL ba ya dagula komai, saboda bai dace da kowa ba, sai a tsallake shi. Amsa: 104.

A ganina wannan ce hanyar da ya kamata mutum ya fara ɗauka sai in yana da dalilin kauce mata. Duk sharaɗin da ya shafi tebur na biyu yana da wuri ɗaya tak da zai shiga, cikin baka, don haka da wuya a saka shi inda bai dace ba. Amma tana da tarko ɗaya da ya kamata a sani. Idan aka yi kasala aka rubuta `WHERE lambar_dalibi = lamba` ba tare da laƙabin tebur ba, injin zai fara neman `lamba` a tebur mafi kusa, wato `sakamako`, kuma zai same ta a can. Sai ya koma gwada lambar layin sakamako da lambar ɗalibin da ke cikin wannan layin, abin da ba zai dace ba a misalinmu, sai ɗalibai huɗun duka su fito a matsayin marasa sakamako. Maganin shi ne a ba kowane tebur laƙabi, a kuma rubuta laƙabin gaban kowane ginshiƙi, ko da ya zama kamar ɓata lokaci.

Hanya ta biyu: LEFT JOIN da IS NULL

```
SELECT d.lamba, d.suna
FROM dalibai d
LEFT JOIN sakamako s ON s.lambar_dalibi = d.lamba
WHERE s.lambar_dalibi IS NULL;
```

Salon rubuta haɗi da `LEFT JOIN` ya shiga ƙa'idar SQL, harshen da ake rubuta waɗannan tambayoyi da shi, a sigar 1992. Kafin nan kowane kamfani da nasa, shi ya sa har yau ake cin karo da alamar ƙari a cikin baka a tsofaffin tambayoyin Oracle. Aikinsa shi ne ya riƙe duk layukan teburin hagu. Wanda ya sami abokin haɗi a dama sai a manna masa, wanda bai samu ba sai a cike guraben dama da NULL. Daga nan `WHERE` ya tace waɗanda aka cike wa.

Hanya ce sahihiya, amma wurare biyu ake zamewa. Na farko shi ne zaɓen ginshiƙin da za a duba. Wanda ya rubuta `WHERE s.maki IS NULL` zai sami 102 da 104, domin NULL na ɗalibi 102 na asali ne, yana cikin tebur tun farko, kuma injin ba ya bambanta shi da NULL ɗin cikon gurbi. Dole a duba ginshiƙin da ba zai taɓa zama NULL ba a layin da ya dace: ko babban makullin teburin dama, ko ginshiƙin da aka yi haɗin da shi. Na biyun ya fi, domin PostgreSQL ya fi saurin gane manufar tambayar idan shi aka duba.

Wuri na biyu ya fi cin mutane. A ce tambayar ta zama "wa ba shi da sakamako a zango na 1". Amsar gaskiya ita ce 103 da 104. Wanda ya ƙara `AND s.zango = 1` a cikin `WHERE` ba zai sami kowa ba, saboda layukan da yake nema su ne waɗanda zangonsu ya zama NULL na cikon gurbi, kuma NULL ba ya cika sharaɗin zama 1. Sharaɗin dole ya hau cikin `ON`:

```
LEFT JOIN sakamako s
  ON s.lambar_dalibi = d.lamba
 AND s.zango = 1
WHERE s.lambar_dalibi IS NULL
```

`ON` ne ke fayyace abin da ake ɗauka a matsayin dacewa. `WHERE` yana zuwa ne bayan an gama haɗi. Sharaɗin teburin hagu kuwa, kamar a ce ɗaliban aji kaza kawai, shi wurinsa `WHERE`.

Akwai 'yar uwar wannan kuskure: a rubuta `WHERE s.zango <> 1` da nufin samun marasa zango na 1. Wannan zai kawo 103, ya manta da 104 da ba shi da layi ko ɗaya, sannan zai jawo duk ɗalibin da ke da sakamako a zango biyun duka. Haka ma masu ƙirga: `HAVING COUNT(*) = 0` bayan `LEFT JOIN` ba zai taɓa cika ba, domin layin cikon gurbi ma layi ne, ana ƙirga shi ɗaya. `COUNT(s.lamba)` ne ke tsallake NULL ya ba da sifili.

Hanya ta uku: NOT IN, inda NULL ke yin ɓarna

```
SELECT d.lamba
FROM dalibai d
WHERE d.lamba NOT IN (SELECT s.lambar_dalibi FROM sakamako s);
```

Ita ce mafi gajarta kuma mafi daɗin karantawa, shi ya sa ake son ta. A misalinmu ba za ta dawo da ko layi ɗaya ba. Ɗalibi 104 ya ɓace.

Sai an fahimci NULL za a gane dalili. NULL ba sifili ba ne, ba kuma rubutu maras harafi ba ne; alama ce ta cewa ba a san ƙimar ba. Saboda haka a SQL amsar gwaji iri uku ce: gaskiya, ƙarya, da ba-a-sani-ba. Idan aka ce shin 104 daidai yake da NULL, amsa ba-a-sani-ba. Idan aka ce shin ya bambanta da NULL, nan ma ba-a-sani-ba. `WHERE` kuwa layin da amsarsa gaskiya ce kawai yake bari ya wuce.

To `NOT IN` warwarewa yake yi zuwa jerin gwaje-gwaje da aka ɗaure da `AND`. Ga ɗalibi 104 ya zama: ya bambanta da 101, kuma ya bambanta da 102, kuma da 103, kuma da 999, kuma da NULL. Huɗun farko gaskiya ne, na ƙarshe ba-a-sani-ba, sai jimlar ta zama ba-a-sani-ba, a jefar da layin. Kuma idan aka yi adalci, injin yana da hujja: layi na 5 ba a san mai shi ba, ƙila ma na 104 ne, don haka ba zai iya rantsewa cewa 104 ba shi da sakamako ba. NULL guda ɗaya cikin layuka miliyan ya isa ya share amsar gaba ɗaya, kifi ɗaya ne da ke ɓata ruwa.

Abin da ya sa wannan ke da haɗari shi ne lokacin da yake bayyana. Ranar da aka rubuta tambayar babu NULL a ginshiƙin, an gwada ta yi daidai. Bayan wata shida wani ya shigar da layi bai cike lambar ɗalibi ba, daga ranar rahoton ya koma fanko, kuma rahoto fanko a irin wannan tambaya yana kama da albishir.

Masu kare `NOT IN` suna da gaskiya a wani ɓangare. Idan an ayyana ginshiƙin da `NOT NULL` a tsarin tebur, amsarsa daidai take da ta sauran. Ana kuma iya ƙara `WHERE s.lambar_dalibi IS NOT NULL` a ciki. Sannan ga jerin ƙimomin da aka rubuta da hannu, kamar `NOT IN (1, 2, 3)`, babu abin da ya fi shi dacewa. Amma tsarin tebur yana sauyawa, wanda zai cire `NOT NULL` gobe ba zai bi duk tambayoyin da suka dogara da shi yana dubawa ba.

Hanya ta huɗu: EXCEPT

```
SELECT lamba FROM dalibai
EXCEPT
SELECT lambar_dalibi FROM sakamako;
```

Ɗebe jeri ne daga jeri, kuma yana ba da 104 ba tare da NULL ya dame shi ba, domin a nan ana ɗaukar NULL biyu a matsayin abu ɗaya. Yana kuma cire maimaici. Iyakarsa ita ce ginshiƙan da aka gwada su kaɗai yake dawowa da su. Mai son suna sai ya sake haɗawa. A Oracle sunansa na gargajiya `MINUS`, MySQL kuwa sai a sigar 8.0.31 ta 2022 ya samu. Ya fi amfani wajen kwatanta tebura biyu masu tsari ɗaya, kamar bayan an kwashe bayanai daga tsohon rumbu zuwa sabo.

Idan aka juya tambayar: neman marayu

Yanzu a nemi layukan sakamako da ba su da ɗalibi:

```
SELECT s.*
FROM sakamako s
WHERE NOT EXISTS (
  SELECT 1 FROM dalibai d WHERE d.lamba = s.lambar_dalibi
);
```

Za a sami layi na 5 da na 6, kuma cutarsu ba ɗaya ba ce. Na 5 ba a taɓa haɗa shi da kowa ba, ko kuma an cire haɗin. Na 6 yana riƙe da lambar da babu mai ita. Gara a raba su a rahoto, domin gyaransu daban. Da `NOT IN` aka yi amfani a nan, layi na 6 kaɗai zai fito, na 5 ya sulale shiru.

Ta yaya marayu ke samuwa, tun da makullin alaƙa aikinsa hana su? Sau da yawa ba a ayyana makullin ba tun farko, an bar wa manhaja ta kula. Wani lokaci an ayyana amma ba ya aiki: SQLite ba ya tilasta makullan alaƙa sai an kunna `PRAGMA foreign_keys = ON` a duk lokacin da manhaja ta buɗe rumbun, injin ajiya na MyISAM a MySQL kuma yana karɓar umarnin ayyana makullin ya yi watsi da shi. Wani lokacin an kashe binciken ne don a loda bayanai masu yawa da sauri, kuma a MySQL mayar da `FOREIGN_KEY_CHECKS` zuwa 1 ba ya sa a koma a duba abin da ya shiga yayin da yake kashe. `ON DELETE SET NULL` shi ma yana haifar da layuka irin na 5 a duk lokacin da aka goge ɗalibi, wato shi da kansa yana dasa NULL ɗin da zai karya `NOT IN`.

Rashin da ba shi da layi ko a hagu

Akwai tambayar da ta fi waɗannan zurfi: wane ɗalibi ne bai sami sakamakon wane darasi ba? A nan abin da ake nema haɗin ɗalibi da darasi ne, kuma babu teburin da ke ɗauke da shi. Sai an fara gina jerin abin da ake sa ran gani da `CROSS JOIN`, wanda ke haɗa kowane ɗalibi da kowane darasi a teburin `darussa`, sannan a ɗebe abin da ke akwai:

```
SELECT d.lamba, r.darasi
FROM dalibai d
CROSS JOIN darussa r
WHERE NOT EXISTS (
  SELECT 1 FROM sakamako s
  WHERE s.lambar_dalibi = d.lamba
    AND s.darasi = r.darasi
    AND s.zango = 1
);
```

A kula da girma: ɗalibai 2,000 da darussa 15 haɗi 30,000 ne, babu damuwa, amma ninkawa ake yi, tebura manya sai a tace su tukuna. Kuma idan ba kowane ɗalibi ke ɗaukar kowane darasi ba, teburin rajistar darussa ne ya kamata ya zama hagu, in ba haka ba rahoton zai cika da darussan da ɗalibin bai taɓa zaɓa ba. Haka ake neman ranakun da na'ura ba ta aiko da rahoto ba: a samar da jerin kwanaki, a PostgreSQL da `generate_series`, a ɗebe waɗanda aka samu.

Lokacin da tambaya ta yi daidai amma bayanan ne ba su daidaita ba

Ko an rubuta `NOT EXISTS` ba aibi, dacewa tana dogara ne kan alamar `=`, ita kuwa ba ta sassauci. Lambar da aka ajiye a matsayin rubutu `00123` a tebur ɗaya, ta bi ta Excel ta koma 123 a ɗayan, ba za su haɗu ba. Sarari a ƙarshen rubutu ido ba ya ganinsa. SQL Server yana kau da kai daga gare shi wajen gwaji, PostgreSQL kuwa yana ƙirga shi a ginshiƙan `text` da `varchar`. Manya da ƙananan haruffa ɗaya ne a tsarin gwajin da MySQL 8 ke zuwa da shi, daban ne a PostgreSQL. Oracle yana ɗaukar rubutu maras harafi a matsayin NULL, sauran ba sa yi. Idan kuwa da suna ake haɗawa, sunan da aka rubuta da ƙ a nan aka rubuta da k a can ya zama mutum biyu, wannan kaɗai ya isa dalilin daina haɗi da sunaye.

Sai batun gogewar da ba gogewa ba. Manhajoji da yawa ba sa cire layi, alama suke saka masa a ginshiƙi kamar `an_goge`. Idan ba a saka `AND s.an_goge = 0` a cikin ƙaramar tambayar ba, sakamakon da aka soke zai ci gaba da rufe wa ɗalibi gurbi. Kwanan wata ma haka: ga ginshiƙi mai ɗauke da awa da minti, `BETWEEN` zuwa ranar ƙarshen wata yana tsayawa ne a farkon wannan ranar, ya zubar da sauran awanninta. Abin da ya fi aminci shi ne a ce daga ranar 1 ga wata, kuma ƙasa da ranar 1 ga wata mai bi.

Sauri: wace ce ta fi gudu

Gardama ce da ba ta ƙarewa, kuma amsar ta danganta da injin. Injinan zamani suna da dabara ta musamman ga wannan aiki: da zarar an sami layi ɗaya da ya dace sai a daina nema a wuce. PostgreSQL ya sami wannan a sigar 8.4 ta 2009, kuma `EXPLAIN`, umarnin da ke bayyana yadda injin zai gudanar da tambaya, zai nuna `Hash Anti Join` ko makamancinsa ga `NOT EXISTS`. SQL Server yana nuna `Left Anti Semi Join` ga `NOT EXISTS`, amma ga `LEFT JOIN` yakan kammala haɗin duka sannan ya tace, aikin da ke ƙaruwa idan kowane ɗalibi yana da layuka ɗaruruwa. MySQL ya daɗe yana gane salon `LEFT JOIN`, kuma daga sigar 8.0.17 yana juya `NOT EXISTS` zuwa irin wannan haɗi.

`NOT IN` ne ke ba da mamaki a sigogin PostgreSQL da suka fi yaɗuwa. Idan jerin ciki ya shiga ƙwaƙwalwar da aka ware wa aikin, wadda `work_mem` ke ƙayyadewa kuma take megabait 4 idan ba a sauya ta ba, yana gudu lafiya. Idan injin ya ƙiyasta ba zai shiga ba, sai ya koma bin jerin daga farko ga kowane layin waje. Layuka 100,000 a waje da miliyan 1 a ciki na iya kaiwa gwaji biliyan 100. Tambayar da ke ƙarewa cikin daƙiƙa jiya ta kwana tana juyi yau, don kawai tebur ya ɗan girma.

Fihirisa, wato jerin da ke ba injin damar gano layi ba tare da bin tebur duka ba, idan aka gina ta kan ginshiƙin haɗi na teburin dama ita ce babban taimako, kuma a nan ma akwai zaton da ba daidai ba. Injin ajiya na InnoDB a MySQL yana ƙirƙirar fihirisa da kansa kan makullin alaƙa. PostgreSQL, SQL Server da Oracle ba sa yi, sai an gina da hannu. Ga tambayar zango, fihirisa mai ginshiƙai biyu, `lambar_dalibi` sannan `zango`, ita ta dace. Naɗe ginshiƙi da `TRIM` ko `LOWER` a wurin haɗi yana hana amfani da fihirisa ta yau da kullum. Ko a tsaftace bayanan sau ɗaya, ko a gina fihirisa kan lissafin kansa.

Abin da kuskuren ke jawo wa mutane

Kuskuren fuska biyu gare shi, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Idan aka saka wanda bai kamata ba cikin jerin marasa abu, shi zai ji a jikinsa: a ce bai biya ba alhali ya biya, a dakatar da albashinsa saboda lambarsa ta rasa sifili a gaba, a rufe asusunsa da sunan ba ya motsi. Yana da zafi, amma aƙalla mai shi zai zo ya yi ƙorafi, a gano. Ɗaya fuskar ita ce wanda ya kamata ya fito bai fito ba. Yaron da bai dawo allura ta biyu ba, da jerin ya zo fanko, babu wanda zai kira iyayensa, kuma su ba su san an taɓa neman su ba balle su yi magana. Wannan ne ya sa nake ganin rahoton "babu kowa" ya fi cancantar a tuhume shi fiye da rahoto mai sunaye dubu.

Yadda ake tabbatarwa kafin a ɗauki mataki

Gwaji mafi sauƙi lissafi ne. A ƙirga masu abokin haɗi da `EXISTS`, a ƙirga marasa shi, jimlar dole ta zama yawan layukan teburin hagu. A misalinmu 3 da 1 sun ba da 4. Da `NOT IN` kuwa 3 da 0 ne, giɓin ya fito fili nan take. Bayan haka a rumbun gwaji a dasa layuka irin shidan nan, mai NULL, maraya, mai maimaici, a ga ko tambayar ta kamo abin da aka san ya kamata ta kamo. Daga sakamakon gaske kuma a tsinci goma ko ashirin a bincika su da hannu a tebur na biyu, ta suna da ta lamba. A nan ake gano sararin ɓoye da sifilin da ya faɗi.

Idan gogewa za a yi, a fara da `SELECT` mai sharaɗi iri ɗaya a rubuta adadin. A kwafe layukan zuwa wani tebur na ajiya. A buɗe aiki da `BEGIN`, a yi `DELETE`, a kwatanta adadin da injin ya ce ya goge da wanda aka rubuta. In sun saɓa, `ROLLBACK`. Tebur mai girma a bi shi kashi-kashi, layuka dubu kaɗan a kowane zagaye, don kada a kulle shi na tsawon lokaci. A kuma bar tazarar lokaci, misali a taɓa layukan da suka wuce kwana ɗaya kawai, domin layin da ya zama kamar maraya yanzu ƙila abokin haɗinsa yana hanya daga wata manhaja, ko kuma kwafin rumbun da ake karantawa ne bai kamo na asali ba tukuna.

Irin wannan batun lokaci yana shafar masu shigar da layi da sharaɗin `WHERE NOT EXISTS` don guje wa maimaici. Ayyuka biyu na iya dubawa a lokaci guda, kowanne ya ga babu, kowanne ya shigar. Ƙa'idar `UNIQUE` a kan tebur tana hana wannan, tare da `ON CONFLICT DO NOTHING` a PostgreSQL daga sigar 9.5. Bayan an share marayu kuma, sai a ɗora makullin alaƙa don kada su dawo. A tebur mai cike da aiki PostgreSQL yana ba da damar ƙara shi da `NOT VALID`, ya fara tsare sababbin layuka nan take, daga baya a gudanar da `VALIDATE CONSTRAINT` ya bi tsofaffin ba tare da ya hana rubutu a teburin ba. A SQLite kuwa `PRAGMA foreign_key_check` zai jero duk layin da ya karya alaƙar da aka ayyana, tebur bayan tebur.